Bargon Ƙyallen Anko: Nazarin Wani Ɗinki da Aka Yi Sau Biyu a Jos

Asalin lamarin

Matar da wannan bayani ya shafa tana zaune ne a Unguwar Rogo, cikin garin Jos. Ba tela ce mai shago ba. Keken Butterfly na ƙafa gare ta a ɗaki, tana ɗinka riga da zane da 'yan gyare-gyare na maƙwabta. Su bakwai ne ƙawaye tun sakandare, shida sun yi aure, ta bakwai kuma aka sa ranarta ƙarshen Disamba. Angon ma ba baƙo ba ne a wurinsu, makaranta ɗaya suka yi. Gidan da za su tare yana wajen Bukuru.

Duk ankon da ƙawayen suka yi a bukukuwan aure da suna, ita ce ta ɗinka wa yawancinsu, ragowar ƙyallen kuma ba ta zubarwa. Jakar bakko guda ta cika da shi, anko iri tara. Sai ta yi niyyar haɗa su ta ɗinka wa amarya da ango bargo a matsayin gudummawa.

Kyautar ta dace da gari. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10. Amarya za ta tare ne a tsakiyar hunturu.

Irin wannan bargo shimfiɗa uku ne: fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye, abin cikawa a tsakiya, wanda shi ne ke riƙe ɗumi, sai shafi a baya. A ƙarshe a yi masa baki. Gadon ƙafa shida da shida ne, wato inci 72 kowane ɓangare. Ta ƙara inci 6 a kowane gefe don ya sauko, ma'auni ya zama inci 84 da 84.

Yunƙurin farko: 1 zuwa 19 ga Oktoba

Ta zaɓi ƙananan gidaje, wato ƙyallaye masu kusurwa huɗu daidai, masu inci 4 bayan ɗinki, don ko ɗan ƙyallen da ya fi ƙanƙanta ya samu shiga. Lissafi ya ba ta layi 21, kowane layi gida 21, jimla 441. Za ta yanka kowanne inci 5, rabin inci a kowane gefe na ɗinki ne.

Da tef da alli ta riƙa aunawa, tana ninka ƙyalle shida-shida ta yanka lokaci guda. Ba ta wanke komai ba, ba ta kuma ware komai ba: atamfa, shadda, leshi, boyel da kamfala duk suka shiga. Wurin ɗinki ido ta sa ya zama ma'auni, yadda ta saba yi a gefen riga.

Cikin kwana goma sha tara ta gama layi biyar, gida 105. Kowane layi ya kamata ya ba da inci 85. Da ta shimfiɗa su a kan tabarma ta auna, ta samu 85, 83, 86 da rabi, 81, da 84. Ta haɗa su duk da haka, tana jan gajere tana tattara dogo. Kusurwoyi suka ƙi haɗuwa, wasu sun goce da kusan inci guda, kuma abin ya ƙi kwanciya a ƙasa, yana tashi kamar an hura masa iska.

Lissafin gocewar ba shi da wuya. Kowane ɗinki ƙyalle biyu yake ci. Idan allura ta shige da kashi ɗaya cikin takwas na inci, kwatan inci ne ya tafi a wurin. Layi mai gida 21 yana da ɗinki 20, don haka ƙaramin kuskuren da ido ba ya gani zai iya cin inci 5 kafin a kai ƙarshen layi. Ninkin shida ma ya ƙara nasa: almakashi yana tura na ƙasa, sai na sama ya fito daidai na ƙasa ya fito a karkace.

Wankin da ya tona sauran: 20 ga Oktoba

Alli da hannun yara sun ɓata abin da ta ɗinka, sai ta jiƙa shi da garin sabulu a baho. Kafin minti goma ruwan ya koma ja. Wata jar atamfa da kamfala sun zuba, farin boyel da shadda mai ruwan madara suka kwashe. Ta canza ruwa ta zuba gishiri kofi guda, kamar yadda ake yawan cewa yana tsayar da zuba, ta bar shi ya kwana. Da safe ruwan yana nan ja. Gishiri yana taimakawa ne a lokacin da ake rini, ba ya ɗaure launin yadin da ya riga ya fito daga masaƙa.

Da ya bushe sai wata matsalar ta bayyana. Yadin auduga ya tsuke, mai roba-roba bai motsa ba, ko'ina ɗinki ya tattare. Shaddar ta saki bugunta ta yi laushi. Leshi ya fara zarewa a bakin ɗinki har rami ya buɗe a wuri uku. Aikin mako uku ya tashi a tutar babu, saura mako tara da 'yan kwanaki biki.

Sake shiri: 22 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba

Ta ɗauki abin ta kai wa wani dattijon tela a wajen Taminus, wanda ya daɗe yana ɗinkin zanen gado da labule. Ya juya shi baya ya bi ɗinkin da yatsa, ya ja wani gida ta kusurwa ya nuna mata yadda yake miƙewa kamar roba.

"'Yata, wannan a karkace kika yanka shi. Ki bi zaren yadi, kada ki bi siffar ƙyallen."

"To Baba, ai ragowar wuya ne da hammata, haka suka zo."

"Wanda bai ba ki gida a miƙe ba ki ajiye shi, ba nasa ba ne."

Maganarsa tana da tushe. Yadi ba ya miƙewa sosai ta tsaye ko ta kwance, amma ta kusurwa yana ja. Ragowar tela kuma yawanci daga yankan wuya da hammata da buɗaɗɗen siket yake fitowa, don haka idan aka bi bakinsa aka yanka, gidan zai fito a karkace ko da tef ya ce daidai ne.

Ta dawo ta zazzage jakar. Leshi, boyel da shadda ta cire su gaba ɗaya. Sauran ta gwada su da ashana, tana yankar ɗan zirin kowanne ta ƙona a kan faranti. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Mai roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Atamfa shida suka fito auduga.

Ta wanke kowace iri ita kaɗai da ruwan ɗumi, tare da ɗan farin ƙyalle a cikin bahon don shaida. Uku ba su zuba ba. Biyu sun daina a wanki na biyu. Jar atamfar nan har wanki na huɗu farin ƙyalle yana fitowa da ruwan hoda. Ita ce ankon bikin mai ɗinkin kanta, kuma ita ta fi so ta shiga. Ba ta shiga ba. Daga baya ta yi rigar matashin kujera da ita, wadda za a riƙa wankewa daban. Ta kuma auna wani ƙyalle kafin wanki da bayansa: inci 10 ya dawo 9 da rabi.

Sabon lissafi ya zama haka. Gida inci 6 bayan ɗinki, a yanka shi inci 7. Layi 12, kowanne gida 12, jimla 144, wanda ya ba da inci 72, daidai saman katifa. Sai zagaye na yadi iri ɗaya mai faɗin inci 6 a kowane gefe ya cika 84. Rabin gidajen, wato 72, na atamfa. Sauran 72 na yadin auduga mara zane mai ruwan toka, a jera su ɗaya bayan ɗaya kamar allon dara. Ta sayi yadi huɗu da rabi na ruwan tokar, ya ishe ta gidaje da zagaye, da turmin atamfa guda mai duhu don shafi da baki. Su ma ta wanke su ta goge kafin almakashi ya taɓa su.

Ma'aunin yanka ta fara yi da kwali, amma bakinsa yana cinyewa da jan alli. Sai ta yanko shi daga tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, wanda ba ya cinyewa kuma ana hango zanen atamfa ta cikinsa. Ta tabbatar da daidaitonsa ta hanyar auna kusurwa zuwa kusurwa sau biyu: duka biyun suka ba da inci 10 saura ƙiris. Ta bar alli ta koma fensir mai tsini, ta riƙa yanka biyu-biyu kawai.

Jakar ta ba da gida 58 masu kyau. Ragowar 14 daga ɗankwalayen ankon ƙawaye suka fito, aka zaɓi waɗanda ba su sha wanki har sun mutu ba.

Ɗinkin fuska: 3 zuwa 20 ga Nuwamba

Kafin ta fara, ta auna rabin inci daga allura ta manna filasta a kan farantin keke. Bakin kowane ƙyalle a jikin filastar yake tafiya. Allura lamba 14 ta sa, zare ruwan toka sama da ƙasa.

Ta shimfiɗa zanen gado a ƙasa ta jera gidajen 144 a kai, ta yi ta sauya musu wuri har iri ɗaya bai yi maƙwabtaka da ɗan'uwansa ba. Ta ɗauki hoto da waya. Sannan ta tattara kowane layi daga hagu zuwa dama, ta soka masa takarda mai lamba da fil. Wannan ya cece ta ranar da yara suka zubar da tarin layi na bakwai da na takwas.

Duk layin da ta gama sai ta auna. Inci 73 ake nema. Layi biyu sun goce da fiye da kwatan inci, ta farke su nan take ta sake. Wajen guga, bakin ɗinkin layi na ɗaya ta kwantar da shi dama, na biyu hagu, na uku dama, haka har ƙarshe. Amfanin hakan yana fitowa ne wurin haɗa layi da layi: tudun ɗinkin sama da na ƙasa suna cije juna, yatsa ma yana jin sun zauna, sai a soka fil a wurin. Kusurwa takan haɗu ba tare da ja ba, kaurin kuma ya rabu gida biyu. Dutsen guga ɗorawa take ta ɗaga, ba ta jan sa, don jan dutse yana miƙar da yadi. Ranakun da babu wuta ta yi amfani da na gawayi, da farin ƙyalle a tsakani saboda toka.

Ba ta bi layi ɗaya bayan ɗaya har sha biyu ba. Ta haɗa su biyu-biyu, sannan huɗu-huɗu, sannan ta haɗa manyan ɓangarori ukun, don kada nauyi ya riƙa jan aikin daga kan keke. Zagayen ta yanka shi da ma'aunin tsakiyar fuska, ba na gefe ba: biyu masu inci 7 da 73, biyu masu inci 7 da 85. Gefe yakan ɗan miƙe, in aka bi shi zagaye zai yi ta lanƙwasa. Ranar 20 ga Nuwamba fuska ta kwanta a ƙasa lif, inci 85 da 85.

Abin cikawa: 21 zuwa 30 ga Nuwamba

Wannan karon ba ta gwada komai a jikin bargon ba. Gidajen da suka lalace a Oktoba ta ɗinka ƙananan samfura da su, kowanne kamar rabin yadi.

Na farko soso ne mai kaurin rabin inci, irin na masu kujera. Ƙafar keke ta ƙi hawansa da kyau, allura tana tsallake. Da aka wanke ya sha ruwa ya yi nauyi, ya kwana biyu bai bushe ba, kuma ba ya lanƙwasa ya bi jiki. Na biyu fiba ce ta matashin kai. Ta yi laushi, ta yi kyau a ido, amma wanki ɗaya ta tattaru a kusurwa ta bar tsakiya fayau, don babu abin da ya riƙe ta.

Na uku siririn bargo ne na gwanjo daga kasuwar Katako, inci 90 da 90, marar nauyi, wanda da aka ɗaga shi a rana ba a ga wurin da ya mutu ba. Ta wanke shi sau biyu da ruwan zafi, ta shanya shi yini guda. Tunda saƙaƙƙe ne, ba shi da inda zai tattaru. Shi ta ɗauka.

Shafin kuma, faɗin atamfar bayan wanki inci 45 ne. Ta yanka tsawo biyu masu inci 89, ta cire ƙarfaffen bakin masaƙa a inda za su haɗu, ta ɗinke su. Ya ba da faɗin inci 88.

Haɗa shimfiɗa uku: 1 zuwa 14 ga Disamba

Ta jera ukun, ta soka fil jefi-jefi, ta nufi keke da niyyar bin kowane layi da ɗinki. Layi biyu ta yi ta tsaya. Haƙoran keke shimfiɗar ƙasa kawai suke ja, ƙafa kuma tana danne ta sama tana tura ta gaba. Kafin ƙarshen layi fuska ta wuce shafi da kusan inci guda, baya ya cika da ƙananan ninki. Ga kuma rabin bargo da za a cusa ta ƙarƙashin wuyan keke, wurin da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Farke layukan biyu ya ci yini guda, ta yi shi a hankali da reza don kada ta huda atamfa.

Ta koma ƙasa. Ta share simintin falo, ta shimfiɗa shafi fuskarsa a ƙasa, ta ja shi ya miƙe ba tare da ya ɗame ba, ta manne gefunansa da salatif. Ta ɗora bargon gwanjo, ta ɗora fuska, tana sharewa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sai ta bi shi da ɗinkin riƙo na hannu, farin zare, manyan taki kamar inci biyu-biyu, daga tsakiya zuwa kowane gefe, layi da layi tazarar tafin hannu. Aikin yini biyu ne a durƙushe.

Maimakon ɗinkin keke, ɗauri ta yi. Zaren saƙa na auduga ninki biyu, da babbar allura: a soka ta ratsa shimfiɗa ukun, a fito da ita kwatan inci daga inda ta shiga, a sake zagayawa sau ɗaya, a ƙulla dama kan hagu sannan hagu kan dama, a yanke a bar jela kamar rabin inci da ɗoriya. A tsakiyar kowane gida ta yi ƙullin, ba a kusurwa ba, don a mahaɗar kusurwa yadi ya taru da yawa, allura ba ta shiga sai da ƙyar. Ƙulli 144 ke nan. Ta yi 108 da hannunta cikin kwana huɗu, ƙawaye biyu suka zo ranar Lahadi suka ƙarasa layi uku na ƙarshe da wani zare mai sheƙi da ɗayarsu ta zo da shi, saboda na audugar ya ƙare.

Keke ya dawo aiki a wuri ɗaya kawai: layi guda a kan ɗinkin da ya raba gidaje da zagaye, inda inci 6 ne kacal ke shiga ƙarƙashin wuya. Allura lamba 16, taki mai tsawo kamar 8 a inci, da kujera a gefe tana ɗauke da nauyin bargon.

Baki da miƙa kyauta: 15 zuwa 27 ga Disamba

Ta daidaita gefuna huɗu da almakashi. Daga ragowar turmin ta yanka ziri 9 masu faɗin inci 3, ta haɗa su a karkace don mahaɗa kada ta yi tudu, ta ninka tsawonsu biyu ta goge. Ta ɗinka shi ta fuska da keke, ta juya shi baya ta kalmashe da hannu. Ninki biyun yana da dalili: bakin bargo ne ke fara cinyewa. Ta zare farin zaren riƙo, ta wanke bargon da ruwan sanyi, ta shanya shi a kan igiya biyu a inuwa. Babu launin da ya zuba. Ya dawo inci 83 da rabi. Ta naɗe shi cikin zanen gado saboda ƙurar hunturu, ya shiga cikin kayan jere.

Bayan wata uku: ƙarshen Maris

An lulluɓa da shi kowane dare har sanyi ya wuce, an wanke shi sau biyu. Babu ɗinkin da ya farke, ciki bai motsa ba. Ƙulli 13 sun kwance, dukkansu a layuka uku na ƙarshe. An sake su da zaren auduga cikin awa ɗaya. Gida biyu daga cikin na ɗankwali sun fara kwantar da launi fiye da maƙwabtansu.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Yunƙurin farko bai faɗi don matar ba ta iya keke ba. Hannun da ya ɗinka na Oktoba shi ya ɗinka na Nuwamba. Ɗinkin riga yana yafe kwatan inci, jiki yana ɓoye shi. Bargon ƙyalle kuwa tara kuskure yake, gida bayan gida. Ido ba mudu ba ne. Filasta a kan farantin keke da fim ɗin ma'auni, waɗanda ba su ci ko sisi ba, su suka gyara fiye da rabin matsalar.

Rage gidaje daga 441 zuwa 144 shi ne shawara mafi nauyi a duk aikin, don ba don shi ba da lokaci bai isa ba. Yadin ruwan tokar ma ba cike gurbi kawai ya yi ba. Atamfa biyar masu zane in suka haɗu kafaɗa da kafaɗa ido ba ya samun wurin hutawa, amma da aka raba su kowace ƙawa tana iya nuna ankon bikinta daga bakin ƙofa.

Cire jar atamfar daidai ne, duk da zafinsa. Yadin da yake zuba a wanki na huɗu zai ɓata gidaje 72 masu haske ranar da amarya ta fara jiƙa bargon. Ɗauri kuma ba ragon aiki ba ne a nan, shi ne abin da keken gida na ƙafa da saƙaƙƙen abin cikawa suke so. Da fiba aka zuba, tazarar inci 6 tsakanin ƙulli da ƙulli ba za ta riƙe ta ba.

Kurakurai biyu sun rage har a aiki na biyu, kuma duka ana iya kauce musu. Ta gwada abin cikawa a samfuri amma ba ta gwada ɗinkin keken shimfiɗa uku a samfurin ba, shi ya jawo asarar yini guda da huda-hudar allura a layi biyu. Sai zare mai sheƙi: santsi gare shi, ƙulli ba ya cije kansa. Ƙulli 144 masu ninki biyu da zagaye biyu, in aka ware wa kowanne inci 12, suna bukatar kusan yadi 50 na zaren auduga, kuma a sayo shi gaba ɗaya tun kafin a fara.